Kiɗan Sallamar Kututture

Tun daga Safo har Ɗan Issa, har ka ƙetare iyaka ka shiga ƙasar Katsina, in aka ce Kututture ba a tambayar wane ne. Shu'aibu ne na Madarumfa, ɗan kokawar da tun ranar da ya ɗaura walki ba a taɓa ganin ƙura a gadon bayansa ba. In kuwa aka ce Kututture, to an ce Idi Mai Ganga, don shi ya yi masa take tun yana saurayi, shi ke bin sa gari gari bayan kaka, ganga a rataye, makaɗi a hannu. Idi abokin uban Shu'aibu ne, ya girme shi nesa ba kusa ba, kuma yana son sa irin son da ba a iya faɗa wa namiji ido da ido.

Take a wurin ɗan kokawa ba abin wasa ba ne. Kiɗansa ne shi kaɗai, ba a buga wa wani. Ko tuwo yake ci ya ji an ɗauko shi, sai ya tsame hannu ya miƙe, jikinsa na tsuma. Na Kututture kuwa yara ma sun iya shi, suna buga shi a kan tsofaffin kwanoni a bakin rijiya, mata na daka da shi. Idi yakan ce duk abin da ya yi a duniya, wannan taken ne kaɗai ya san ya yi daidai.

Shekarar da ruwan sama ya dawo bayan farin da ya cinye dabbobi, gero ya yi kyau, mutane suka fara tuna yadda ake dariya. Sai labari ya zo cewa za a tara 'yan kokawar ƙasar Maraɗi duka a birni, a zaɓi waɗanda za su je neman takobi, kyautar gasar kokawa ta ƙasa, da sunan jiha. Madarumfa ba ta yi shawara ba, don ba ta ga abin shawara ba. Tana da Kututture. A daidai wannan lokacin ne Kututture ya kwanta.

Ba zazzaɓi, ba targaɗe, ba ciwon ciki. Kwanciya dai kawai. Karonsa na ƙarshe a Ɗan Issa ne, da wani ƙato daga Jibiya, kuma ya kayar da shi kamar yadda ya saba. Amma Idi, da yake shi fuskar Shu'aibu yake kallo ba ƙafafunsa ba, ya ga abin da bai gane ba. Samari na ɗaga Shu'aibu sama, shi kuma idonsa na kan mutumin da ke kwance a ƙasa.  Ragon nasarar da aka ba shi ya bar wa matarsa Hajara ta yi ta fama da shi, ko sau ɗaya bai leƙa turke ba. Daga nan ya daina zuwa gona, ya daina zama a dandali, ya shige ɗaki ya juya wa ƙofa baya.

Mutanen Madarumfa, Allah ya ba su lada, ba su rasa sunan ciwo. Kafin a yi sallar la'asar an gama bincike: sammu ne, mutanen Jibiya ne suka yi. Aka kawo rubutu ya sha, aka turara ɗakin har Hajara ta fita tana tari. Aka ɗauko wani boka daga Safo, ya tona bakin ƙofa ya fito da ƙahon akuya, kamar yadda bokaye ke fitowa da shi a duk inda suka tona. Da abin ya ƙi, aka kai shi likita. Mai magani ya ɗora masa abin sauraro a ƙirji, ya ce bai taɓa jin zuciya mai ƙarfin wannan ba, ya ba shi ƙwayar kinin ta zazzaɓi don kada a ce an zo a banza. Suka dawo gida, Shu'aibu ya koma inda ya tashi.

Sa'idu Sarkin Samari ne ya kawo shawarar da kowa ya yarda da ita. Mutum ne mai son garinsa, mai kuma son a gan shi yana son garinsa. Ya ce maganin ɗan kokawa takensa, ba rubutu ba, ba kinin ba. Idi ya riƙa zuwa ƙofar gidan kullum da safe yana bugawa, jinin zai motsa, sammun zai karye. Idi bai yi musu ba, don shi ma abin da ya sani ke nan. Da ganga ya san tashin mutum, bai san wata hanya ba.

Haka ya riƙa yi. Da hantsi ya zo ya tsaya gindin darbejiyar ƙofar gidan ya ɗauko take, yara su taru, mata su leƙo ta saman danga. A farko Shu'aibu yakan fito. Ya tsaya a zaure, ƙato har yanzu, wuyan nan kamar turmi, kafaɗunsa na rawa, mutane su ce ga shi nan, an kusa. Sai ya juya ya koma ciki. Daga baya fitowar ma ta ƙare. Idi ya ƙara ƙarfin hannu, har yatsunsa suka fara tsagewa, yana komawa gida a gajiye da wata irin gajiya da bai saba da ita ba, ta mutumin da ke kira ba a amsawa.

Wata safiya, kafin ya sauke ganga daga kafaɗa, Hajara ta fito zaure ta durƙusa. Mace ce marar yawan magana, kuma ta rame fiye da mijin.

"Baba Idi, don Allah ka dakata, ina da magana," in ji ta.

"Ina jin ki, ɗiyata. Ya jikin nashi?"

"Kiɗan ga ba shi tashe shi, Baba. In ka hwara, zane yake ja shi ruhe kai, haƙoranshi na haɗuwa. In ka tahi, ranar nan ko hura ba shi sha." Ta murza bakin zanenta. "Kuma akwai abin da ban hwaɗa ma kowa ba. Bayan sallar asuba yakan hita. Na bi shi rannan. Tabki yake zuwa, shi shiga ruwa har ƙirji, shi tsaya. Ba wanka yake ba, Baba. Tsayuwa kawai yake, yana kallon tsakiya."

Idi ya gyara gangar a kafaɗa. Ranar bai buga komai ba, ya koma gida ya rataye gangar.

Washegari ya bi hanyar tafki da sassafe, ta cikin lambunan albasa da taba. Masunta sun riga sun yi nisa a kan gorunansu, sai ɗigo ɗigo ake hangen su. Can gefen da ba a cika zuwa ba, inda itatuwa ke tsaye cikin ruwa, ya iske Shu'aibu zaune a kan wata saiwa, wandonsa sharkaf. Idi ya zauna kusa da shi da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara. 

"Hajara ta hwaɗa maka," in ji Shu'aibu.

"Ta hwaɗa mini. Mi ke damunka, ɗana? Wa ya yi maka wanga abu?"

"Ba wanda ya yi mini komi, Baba. Da ma sammu ne, da an tone an huta." Muryarsa a kwance take, ba kuka ba fushi. "Na gaji ne. Ba gajiyar jiki ba. In gari ya waye haushi nake ji ya waye. Tuwo a bakina da ƙasa duk ɗaya. Ɗiyana su zo su hau ni, in dube su, na san ina son su, amma ban jin son. Ka tuna mutumin Jibiya? Da na kada shi, ina kanshi, na ga ya lumshe ido ya sauke numhwashi. Ya gama, ya huta. Wallahi Baba, hassadarshi na yi."

Idi ya dube shi. A duk shekarunsa na bin fagen kokawa ya ga an karye, ya ga an haukace don an faɗi, amma bai taɓa jin wanda ya yi hassadar na ƙasa ba.

"To ka bari a kada ka mana," ya ce daga ƙarshe. "Sau guda. Duniya ba ta tashi."

"Na gwada. Ka ɗauka ban gwada ba? In shiga da niyyar hwaɗuwa, sai ka ɗauko take, ƙahwahun nan su kahe da kansu, hannun shi kama. Jikin ba nawa ba ne in kana kiɗa. In kuma na ce ban yi, su ce sammu ne, su turo ka ƙohwar gida." Ya juyo ya dubi Idi, karo na farko. "Ka yi mini kiɗan sallama, Baba."

Idi ya ce, "A'uzu billahi."

Kiɗan sallama, ga wanda bai sani ba, sau ɗaya ake yi wa ɗan kokawa, ranar da ya mutu. Makaɗinsa ya jiƙa fatar ganga, ya sassauta igiyoyi, ya tsaya a dandali ya buga takensa a hankali, da murya ta ƙasa. Daga ranar an rufe taken, ba a ƙara bugawa, ba a ba wani. Ba ɗan kokawar da zai yarda ya kama wanda aka yi wa sallama, don daidai yake da kama gawa. Ba a kuma taɓa yi wa mai rai ba a Madarumfa. An ce makaɗin da ya yi haka mutuwa ya kira wa mutum, kuma Idi ba ya cikin masu ganin zancen tsofaffi shirme ne. Ya yarda da shi har cikin ransa.

"Ban iya," in ji shi. "Ubanka ya bar mini kai amana. Da hannuna in kira maka ita?"

"Ita ai ba ta bukatar kira, Baba. Tana nan." Ya nuna tsakiyar tafki da haɓarsa, ba tare da ya ɗaga hannu ba.

Idi ya yi masa faɗa, ya tuna masa da Allah, ya tuna masa da 'ya'yansa, ya roƙe shi. Shu'aibu ya saurara da ladabi yana cewa to, to, kamar yadda ake amsa wa babba. Suka dawo gari tare, Idi a gaba shi a baya.

Kwanakin da suka biyo baya Idi bai je ƙofar gidan da ganga ba. Ya ce wa Sa'idu hannunsa ke ciwo, wanda kuma ba ƙarya ba ne. Yana zaune a gida yana juya maganar. In ya buga, ya kira masa mutuwa. In bai buga ba, tafki na nan, kuma ranar tafiya Maraɗi na matsowa. Ya yi tunanin ya faɗa wa liman, ya yi tunanin ya faɗa wa Sa'idu, amma ya san abin da zai biyo baya: a ɗaure Shu'aibu a turu a ce ya taɓu, ko a ƙaro makaɗa daga Safo. Bai faɗa wa kowa ba. Tsufa ya sauko masa a 'yan kwanakin nan gaba ɗaya.

Ranar tafiya, babbar mota ta zo daga Maraɗi ta tsaya a bakin kasuwa. Samari suka cika dandali, Sa'idu ya sha sabuwar riga yana ta kai da kawowa. Ya aiko a ce wa Idi ciwon hannu ko babu ciwon hannu, yau sai ya zo ya fito da Kututture da kiɗa, a raka shi mota. Idi ya rataya ganga, amma sai ya bi ta gidan Shu'aibu tukuna.

Hajara na tsaye a zaure, mayafi a hannu ba ta ma yafa ba.

"Ba shi nan, Baba. Tun asuba ya hita. Kullum kahin rana ta hito ya dawo, yau shiru."  "Ya kwance layunshi duka ya aje kan tabarma. Bai taɓa kwance su ba, ko wanka za shi yi."

Idi ya dubi hanyar tafki. Da nisa, ga lambuna, ga taɓo, ga gwiwoyin da ba su kai shi masallaci sai da hutu. Ko ya aika samari, sai an yi bayani, sai an yi gardama, kuma in Shu'aibu ya hango su suna gudu wajensa ba wajensu zai nufo ba, cikin ruwa zai ƙara shiga. Abu ɗaya ne Idi ya sani da ke isa tafki kafin ƙafa. Masunta sun sha gaya masa suna jin gangarsa daga tsakiyar ruwa.

"Ba ni ruwa a ƙwarya," ya ce wa Hajara.

Ta kawo. Ya zuba a tafin hannu ya shafe fatar gangar, ya ƙara, ya sassauta igiyoyin. Hajara ta gane. Ta toshe baki da mayafinta, amma ba ta hana shi ba.

Ya isa dandali, samari suka buɗe masa hanya suna murna. Ya tsaya a tsakiya ya ɗaga makaɗi. Bugun farko ya fito a daskare, ƙasa ƙasa. Yara suka ɗauka gangar ce ta lalace, suka fara dariya. Tsofaffin da ke zaune gindin tsamiya su ne suka fara miƙewa, ɗaya ya cire hularsa. Taken Kututture ne, kowa ya san shi, amma yana tafiya kamar mai ɗauke da kaya a yashi. Wata mata daga cikin rumfunan kasuwa ta fasa kuka, sauran suka kama. Aka fara salati. Mutane suka nufi gidan Shu'aibu a guje.

Sa'idu ya riƙe hannun rigar Idi. "Baba Idi, mi ya hwaru? Yaushe? Ina gawar?"

Idi bai amsa ba, don bai sani ba. Abin da ya fi ci masa rai ke nan. Bai san ko mai rai yake yi wa kiɗan ba ko wanda ya riga ya tafi, bai san ko kiran dawowa yake yi ba ko rakiya. Hawaye na bin gemunsa, yatsunsa sun sake fashewa, ya ci gaba da bugawa, yana fuskantar hanyar tafki. Ya kai ƙarshen take ya sake ɗaukowa, abin da ba a yi. Hannunsa ya mutu, ya ci gaba.

Rana ta ɗaga sosai kafin wani ya nuna hanyar lambuna. Shu'aibu ne tafe, a hankali, jiƙe har wuya, taɓo har gwiwa. Kukan ya tsaya guntu guntu. Mutane suka dare gida biyu, ba wanda ya miƙa masa hannu, wasu mata suka ja 'ya'yansu baya. Ya zo har gaban Idi ya tsaya, kansa a ƙasa. Idi ya buga bugun ƙarshe ya sauke makaɗi.

Sa'idu ya dube su, ya dubi motar, fuskarsa ta yi baƙi. "Ka san abin da ka yi, tsoho? Ka kashe muna shi da rai. Wa za shi kama shi yanzu? Ka kunyata gari gaban baƙi."

"Na sani," in ji Idi.

"Ba ɗan kokawar da za shi ƙara yarda ka tsaya bayanshi. Ko a Sahwo, ko a Ɗan Issa."

"Wanga ma na sani."

Motar ta tashi da wasu samari biyu da ba wanda ya sa wa rai, aka raka su ba kiɗa. Dandali ya watse. Maganar Sa'idu kuwa ta tabbata tun a ranar. Da Idi zai koma gida, mutanen da suka saba tsayar da shi su gaisa sai suka riƙa tuna suna da aiki a wata hanya.

Da la'asar ya koma gidan Shu'aibu, kafaɗarsa ba komai. Ya iske shi zaune a tsakar gida a kan tabarma, ya sake kaya. Hajara ta kawo musu kwandon gyaɗa ta ajiye a tsakani, ta koma madafa. Idi ya ja kwandon ya fara ɓarewa, don bai san me zai yi da hannuwansa ba. Can Shu'aibu ma ya sa hannu.

"Ruwan ya kai mini nan sa'ad da na ji," in ji Shu'aibu, ya taɓa haɓarsa. Ya ɓare gyaɗa biyu kafin ya ci gaba. "Baba, kada in yi maka ƙarya. Na ɗauka in ka buga, abin zai sauka gaba ɗaya. Bai sauka ba. Yana nan inda yake."

Idi ya ji maganar har ƙashinsa. Ya ba da ganga, ya ba da suna, ya ba da abin da ya rage masa na mutunci a gari, ga abin da aka samu. Ya so ya yi kuka, ya ga gajiya ba za ta bar shi ba.

"To," ya ce. "Gobe da sahe zan zo. Mu zamna."

"In ban warke ba hwa?"

"Sai in zo jibi."

Shu'aibu ya daɗe yana kallon ɓawon gyaɗar da ke tafin hannunsa.

"Ban yi maka alkawalin jibi ba, Baba," ya ce. "Amma gobe ka zo, za ka iske ni."

Idi ya gyaɗa kai, ya ja kwandon kusa da su, suka ci gaba da ɓarar gyaɗa.